Daga kwalbar gwaji zuwa jikin majinyaci

A watan Fabrairun 2020 masana a birnin Wuhan na ƙasar Sin suka wallafa cewa kulorokwin ya hana ƙwayar cutar korona hayayyafa a ɗakin gwaji. Kafin ka ce kwabo, maganin zazzaɓin nan da muka sani da ɗaci da ƙaiƙayi ya yi tsada a kemis, har aka kwantar da wasu a Legas saboda sun sha fiye da kima.

Masanan ba ƙarya suka yi ba. Ƙwayoyin halittar da suka yi gwajin a kansu, waɗanda ake kira Vero, daga ƙodar biri aka samo su. A cikinsu cutar kan bi ta wata 'yar jaka mai tsami, kulorokwin kuwa yana rage tsamin, sai hanya ta toshe. Huhun ɗan Adam yana da wani sinadari mai suna TMPRSS2 da ke buɗe mata wata ƙofar daban. Da masu bincike a Jamus suka maimaita gwajin da ƙwayoyin huhun mutum, maganin bai tsinana komai ba. A watan Yuni, babban gwajin RECOVERY a Birtaniya ya nuna ɗan'uwansa, haidiroksikulorokwin, bai rage mace-macen waɗanda aka kwantar ba.

Ko da an dace da ƙwayoyin halittar, da sauran rina a kaba. Ƙwayar maganin da aka haɗiya sai hanji ya tsotse ta, hanta ta ci rabonta, furotin na jini ya riƙe wani kaso, ƙoda ta fitar da wani a fitsari. Shi ya sa masu harhaɗa magunguna kan zuba magani a kan ƙwayoyin hanta, su auna saurin narkewarsa, sannan su lissafa gwargwadon girman hanta da jinin da ke ratsa ta. A ganina, duk labarin "sabon magani" da bai faɗi adadin da zai isa gaɓar da ke ciwo ba, bai cancanci shafin farko ba.

Wani lokacin kuma akasin haka ake gani. Prontosil, jan rinin da Gerhard Domagk ya warkar da ɓeraye da shi a 1932, ba ya kashe ƙwayoyin cuta a kwalba. Sai a 1935 masana a Cibiyar Pasteur ta Faransa suka gano cewa jiki ne ke farfasa shi ya fitar da sulfanilamaid, ainihin mai aikin.