Judi Dench, Jarumar da Silima Ba Ta Waiwaya Ba Sai da Ta Cika Sittin

Duk wanda ya bi fina-finan James Bond daga 1995 zuwa 2012 ya san wata gajeriyar dattijuwa mai guntun farin gashi, wadda ita kaɗai ce take daka wa Bond tsawa ya yi tsit. A fim ana kiranta M, shugabar hukumar leƙen asirin Birtaniya ta MI6. Sunanta na gaskiya Judi Dench. Da yawa daga masu kallo sun ɗauka da Bond ta fara sana'a, alhali sa'ad da ta shiga fim ɗin ta kusa shekara arba'in tana wasa, kuma shekarunta na haihuwa sittin.

An haife ta a birnin York na arewacin Ingila ranar 9 ga Disamba 1934, mahaifinta likita ne. A 1957 ta fara sana'ar wasan dandamali tare da kamfanin Old Vic na Landan, ta fito a matsayin Ophelia cikin Hamlet na Shakespeare. Daga nan ta koma kamfanin Royal Shakespeare a 1961. Wani abin da bai kamata ya wuce mu ba shi ne, a 1963 ƙungiyar wasa ta Nottingham ta yi rangadi da ita a Afirka ta Yamma, har da Najeriya, tana fitowa a matsayin matar Macbeth. Ke nan 'yan makarantar ƙasar nan sun gan ta ido da ido tun kafin Hollywood ta san da zamanta.

Silima kuwa da sanyin jiki ta karɓe ta. Ita da bakinta ta sha ba da labarin wani darakta da ya gwada ta tana budurwa, ya ce mata fuskarta ba ta fim ba ce. Duk da haka ta fito a The Third Secret a 1964, sannan Four in the Morning na 1965 ya ba ta lambar BAFTA ta sabuwar fuska mafi alamar nasara. Sai dai lambar ba ta buɗe wata ƙofa ba. Shekaru talatin da suka biyo baya, in ta leƙa silima, ƙaramin matsayi ne, kamar na A Room with a View a 1985.

Talabijin ce ta shigar da ita gidajen Turawan Ingila. Daga 1981 zuwa 1984 ta yi wasan barkwanci na A Fine Romance tare da mijinta, Michael Williams. Sai As Time Goes By na BBC, daga 1992 zuwa 2005, ita da Geoffrey Palmer, labarin masoya biyu da yaƙin Koriya ya raba, wasiƙa ta ɓata a hanya, kowa ya zaci ɗan'uwansa ne ya juya masa baya, sai bayan shekara 38 suka sake haɗuwa. Ba harbi, ba guje-guje, hira ce kawai a falo da ɗakin girki. Amma a nan ne, a ganina, ta laƙanci sirrin kyamara: a dandamali sai ka kai muryarka kujerar ƙarshe, a gaban kyamara kuwa ɗaga gira ya isa.

Zuwanta Bond ma ba a banza ya zo ba. A 1992 gwamnatin Birtaniya ta naɗa mace, Stella Rimington, shugabar hukumar tsaron cikin gida ta MI5, saboda haka lokacin da aka farfaɗo da Bond a GoldenEye na 1995, mayar da M mace bai zama abin mamaki ba. A haɗuwarsu ta farko a ofis, tana zaune bayan tebur, kofin barasa a hannu, ta dubi Pierce Brosnan ta gaya masa ƙiri-ƙiri cewa shi mai raina mata ne, kuma ragowar zamanin yaƙin cacar baka. Ba ta ɗaga murya ba. Da wannan 'yar fitowa ta sauya yadda ake kallon Bond ɗin kansa. Ta riƙe matsayin a fina-finai bakwai, ta ga bayan Brosnan, ta karɓi Daniel Craig, har zuwa Skyfall na 2012, wanda ya tara sama da dala biliyan ɗaya, inda labarin ya koma kanta kacokan, ta cika a hannun Bond cikin wani tsohon ɗakin ibada a Sikotland.

Amma fim ɗin da ya sa Amurka ta miƙe tsaye shi ne Mrs Brown na 1997. Don talabijin aka shirya shi, sai kamfanin Miramax ya saya ya kai shi gidajen silima. Ta fito a matsayin Sarauniya Victoria bayan rasuwar mijinta Albert a 1861, ta rufe kanta cikin takaba, ba mai iya tunkararta sai wani baranta ɗan Sikotland, John Brown. Aka saka ta takarar Oscar, ba ta ci ba. Shekara na zagayowa ta fito a Shakespeare in Love a matsayin Sarauniya Elizabeth ta Farko, fitowar da duka-duka ba ta wuce minti takwas ba, ta kuwa ɗauke lambar a 1999. Akwai inda sarauniyar ta zo gaban wani kududdufi, fadawa na ta nuƙu-nuƙun cire alkyabba su shimfiɗa mata, ita kuwa ta ce sun makara, ta taka ruwan ta wuce abinta. Wasa ne mai daɗi, amma ni dai ina ganin bashin Mrs Brown aka biya ta.

Daga nan aiki ya yi ta zuwa. Sau takwas aka saka ta takarar Oscar, dukkansu bayan ta haura sittin. Na ƙarshe saboda Belfast na 2021, tana da shekara 87. Ba duka fina-finanta ne suka yi armashi ba. Cats na 2019 kam gara a bar maganarsa. A 2017 ta sake komawa rigar Victoria a Victoria & Abdul, labarin shaƙuwar sarauniyar da Abdul Karim, Musulmi ɗan Indiya da ya koya mata Urdu, abin da ya tayar da hankalin fada.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Philomena na 2013, labarin gaske na wata mata 'yar Ailan da ta haihu ba aure tana yarinya, aka tsare ta a gidan mata masu zaman zuhudu, aka ba wasu Amurkawa ɗanta, ta yi shekara hamsin tana ɓoye zancen a ciki. Da ta fita nemansa tare da wani ɗan jarida, sai ta tarar ya rasu, kuma shi ma ya zo nemanta an ɓoye masa, har a harabar gidan nan aka binne shi. A ƙarshe ta tsaya gaban tsohuwar mai zaman zuhudun da ta ɓoye gaskiyar. Ɗan jaridar na ta huci, ita kuwa a hankali ta ce ta yafe, fuskarta na nuna yafiyar ba da sauƙi ta fito ba. Irin wannan wasa ba a koyonsa a shekara biyar.

Tun 2012 ta bayyana cewa ciwon ido ya kama ta, ganinta na raguwa har ba ta iya karanta takardar wasa. Sai abokai su riƙa karanta mata, tana hardacewa da ka, kuma da haka ta yi fina-finanta na baya-bayan nan. Mai karatu, in a Bond kaɗai ka san ta, nemi Mrs Brown da Philomena ka kalla.