Wace Bindiga Ta Dace da Mafarauci a Agadas?

Duk mai neman bindigar farauta guda ɗaya da za ta yi masa aiki iri-iri, tambayar farko ita ce: wane nama zai harba, kuma daga wace tazara?

Bindigogin farauta kashi biyu ne. Akwai mai santsin ciki, kamar lamba 12, wadda ke watsa ƙananan ƙwayoyin dalma. Ita ce ta zomo da zabon daji da kurciya, amma ƙarfinta ba ya wuce mita 40 sosai. Akwai kuma mai zane a cikin bututu, wanda ke murɗa harsashi ya tafi saiti har ɗaruruwan mita. Wannan ta babban nama ce. A jihar Agadas, galibin manyan dabbobin da suka saura masu kariya ne, don haka lamba 12 ta ishi mai farautar halas.

Doka mai lamba 98-07 ta watan Afrilun 1998 ita ke tsara farauta a Nijar. Ta wajabta takardar izini, ta hana farautar dare, da bin dabba da mota, da amfani da makaman yaƙi. Ke nan kalashinkof ba ta cikin lissafi, duk da yadda ta yawaita a Sahara tun faɗuwar Gaddafi a 2011.

Dalilin wannan tsanani a fili yake. An keɓe gandun Ayar da Tenere a 1988, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991, shekara guda bayan haka ya shiga jerin waɗanda ke cikin haɗari. Jiminar Ayar ta ƙare a daji bayan tawayen da aka yi a yankin. Adaks, farar dabbar nan mai murɗaɗɗen ƙaho, guda 3 kacal masu bincike suka gani a yankin Tarmit da Tin Tumma a 2016. Mota da bindiga mai aman wuta na cikin abin da ya jawo haka, domin maharbin da ke bin sawu da ƙafa da wuya ya share garke a yini ɗaya.

Saboda haka, kafin ka biya kuɗin bindiga, je wurin ma'aikatan gandun daji ka ji lokacin da aka buɗe farauta, da inda aka yarda, da dabbar da aka halasta. Amsarsu ce za ta nuna maka bindigar da za ka saya.