I'INA: DAGA HARSHE TAKE KO DAGA ƘWAƘWALWA?

I'ina ita ce sarƙewar magana, watau mutum ya riƙa maimaita harafi, ko ya ja shi, ko kuwa kalmar ta maƙale masa ɗungum. Yawanci takan fara tsakanin shekara 2 zuwa 5 da haihuwa. Cikin yara 100, kamar na wata makarantar firamare a Nukkai ta Jalingo, wajen 5 za su yi ta, amma galibinsu su rabu da ita kafin su girma. Cikin manya kuwa mutum 1 ne cikin 100, kuma maza sun ninka mata kamar sau 4.

Inda Take Fitowa

Waɗansu suna ɗora laifin a kan iska, waɗansu a kan tsoro ko ɗaurin harshe. Binciken likitoci ya nuna harshen mai i'ina lafiya lau yake. Matsalar tana cikin ƙwaƙwalwa.

Kafin kalma ɗaya ta fita, sai numfashi da maƙogwaro da harshe da leɓɓa sun motsa bi da bi. A can tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani sashe da ake kira basal gangiliya, wanda aikinsa ya yi kama da na makaɗin gayya: shi ke ba kowace gaɓa lokacin da za ta motsa. In kiɗa ya rikice, garma sai ta sāɓa wa garma. Shi ya sa mai i'ina yakan yi waƙa sumul, ko ya yi karatun haɗin baki tare da 'yan ajinsu ba gargada, domin a nan ya sami makaɗi daga waje.

Aikin Dofamin

Dofamin sinadari ne da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi, kuma wannan sashe ya dogara a kansa ƙwarai. A 1997 masana a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar waɗansu masu i'ina, suka tarar aikin dofamin ya fi na sauran mutane yawa. An kuma lura magungunan da ke rage ƙarfinsa, irin su haloferidol da risferidon, sukan sassauta i'ina ga waɗansu manya. Amma suna jawo kasala da ƙiba da sandarewar jiki, kuma ba su raba mutum da ita. Saboda haka haɗari ne babba a saye su a kemis ba da umurnin likita ba.

Gado ma yana da hannu. A 2010 aka gano canji a ƙwayoyin gado na waɗansu iyalai masu i'ina a Fakistan, a 2015 kuma aka gano wani a cikin wata babbar zuriya ta Kamaru, maƙwabciyar Jihar Taraba.

Abin Da Ya Kamata A Yi

1. Kada a kai yaro wurin wanzami a tsaga masa harshe ko a cire masa beli. Babu amfanin da zai yi, sai zub da jini da kamuwa da cuta.

2. Kada a doke shi, kada a kwaikwaye shi. Tsoro ba shi ke haddasa i'ina ba, amma yana ƙara ta.

3. A saurare shi har ya gama, kada a ƙarasa masa magana. Iyaye da malamai su riƙa yi masa magana a tsanake.

4. In ta wuce wata 6, ko yaron ya soma gudun magana, a kai shi asibiti, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo, a nemi a haɗa shi da masanin gyaran magana.

5. In babban mutum ya fara i'ina farat ɗaya, a garzaya da shi asibiti, domin tana iya zama alamar shanyewar ɓarin jiki.

I'ina ba ta rage basira ko kaɗan. Yaron da aka yi wa haƙuri yau, shi ne malamin gobe. Lalle ne duk wanda ya karanta wannan takarda ya bayyana wa maƙwabtansa.