Hoton Hancin Yaro: Yaushe Ake Bukatarsa, Kuma Wane Iri?

Duk shekara idan hunturu ya shigo, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura takan lulluɓe Paraku da Jugu, sai mura ta bi gidajenmu ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawanta takan wuce cikin mako guda ko kwana goma. Amma akwai yaron da toshewar hancinsa ba ta bin lokaci: rani da damina bakinsa a buɗe, da dare yana minshari kamar babban mutum, wani lokaci numfashinsa ya ɗauke na ɗan lokaci sannan ya zabura. Irin wannan yaro ne likita kan rubuta wa takardar hoto, iyaye kuwa su dawo gida cikin zulumi. Mun ga ya dace mu yi wa 'yan'uwa bayanin abin da ake nema a wannan hoto.

A can bayan hanci, inda yake haɗuwa da maƙogwaro, akwai wata tsoka mai taushi da ke taimaka wa jiki yaƙar ƙwayoyin cuta. A takardun asibitinmu ana rubuta ta da Faransanci "végétations". Wani likita ɗan ƙasar Danmak, Wilhelm Meyer, shi ne ya bayyana illar kumburinta a 1868. Tana kai matuƙar girmanta tsakanin shekara 3 zuwa 7, sannan ta riƙa ƙanƙancewa yayin da yaro ya doshi balaga. Idan ta yi girma fiye da kima, takan tare hanyar iska, ta kuma toshe 'yar kafar da ta haɗa maƙogwaro da kunne. Daga nan ruwa ya taru a kunne, ji ya ragu, malamin allo ko na boko ya ɗauka yaro ba ya mai da hankali, alhali kuwa bai ji ba ne. Rashin barci mai nauyi kuma yana taɓa girman jiki da fahimta. Yara masu sikila sun fi sauran fuskantar wannan matsala, don haka minsharinsu abin kai wa likita ne da wuri.

Ko an buɗe bakin yaro an haska fitila, ba a hango wannan tsoka, domin tana ɓoye a bayan ganɗa. Shi ya sa ake bukatar na'ura.

Hanya ta farko ita ce hoton da muke kira radiyo, wanda ya samo asali daga hasken da Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano a 1895. Likita zai rubuta "radio du cavum". Ana tsayar da yaro ta gefe, bakinsa a rufe, yana shaƙar iska ta hanci, cikin ƙiftawar ido an gama. Babu zafi, hasken da ke ratsa jiki kuma kaɗan ne. Tun 1979 likitoci ke amfani da wani ma'auni da Fujioka da abokan aikinsa suka fitar: ana gwada kaurin tsokar da faɗin hanyar iska, idan ta cinye fiye da kashi 80 cikin 100, ana ɗaukar ta kumbura ƙwarai. Sai dai inuwa kawai wannan hoto yake nunawa, kuma idan yaro yana kuka ko haɗiyar yawu lokacin ɗauka, sakamakon yana iya ruɗarwa.

Hanya ta biyu ita ce 'yar siririyar igiya mai fitila da ido a bakinta, kaurinta wajen milimita 3, da likitan kunne da hanci da maƙogwaro kan zura ta hanci. Sunanta a takarda "nasofibroscopie". Ba ta da hasken radiyo ko kaɗan, ba ta wuce minti ɗaya ko biyu, kuma likita yana ganin tsokar da idonsa. Yaro kan yi kuka saboda tsoro da ɗan ƙaiƙayi, amma inda akwai wannan na'ura, ita ce ta fi faɗin gaskiya.

Hanya ta uku ita ce sikana, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙera a Ingila, aka fara gwada ta a kan majiyyaci a 1971. Tana nuna ƙashi da kogunan fuska dalla-dalla, amma haskenta ya ninka na radiyo sau da yawa, jikin yaro kuwa ya fi na babba jin wannan haske. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2012, a kan yara da matasa kusan 180,000 a Birtaniya, ya ƙiyasta cewa cikin kowace sikanar kai 10,000 da aka yi wa yara 'yan ƙasa da shekara 10, za a iya samun ƙarin mutum ɗaya mai sankarar jini da ɗaya mai ƙari a ƙwaƙwalwa cikin shekaru goma. Haɗarin ƙarami ne, amma ya isa hujjar kada a yi ta sai da dalili: ciwon hanci da ya kumbura ido, karayar ƙashin fuska, zargin ƙari, ko jaririn da aka haifa da bayan hancinsa a toshe. Irin wannan jariri kan yi shuɗi lokacin shan nono, ya dawo daidai idan ya fashe da kuka, kuma lamarinsa na gaggawa ne. Mura ta yau da kullum kuwa ba ta bukatar hoto kowane iri.

Akwai wani abu da kowace uwa ya kamata ta sani. Idan majina mai wari tana fita ta kafar hanci ɗaya kaɗai, a yi zargin yaro ya cusa wani abu: ƙwayar wake, gyaɗa, masara, dutsen ado ko guntun soso. Yawancin waɗannan ba sa fitowa a radiyo, saboda haka hoto mai tsabta ba ya nufin babu kome. Dubawar likita ce ke tabbatarwa. Wanda yake fitowa sarai shi ne ƙaramin batir mai kama da maɓalli, na agogo da kayan wasan da suka cika kasuwar Gema da ta Arzeke. Wannan batir yana ƙona naman hanci cikin 'yan sa'o'i, har ya huda bangon da ya raba kafofin biyu. Kada a sa tsinke ko ashana, kada a ɗiga ruwa ko mai, kada a jira gari ya waye.

Haka nan muna roƙon iyaye su yi hattara da kai mai minshari wurin wanzami a cire masa belu. Tsokar da ke toshe hanya tana can sama inda aska ba ta kaiwa, sai a bar yaro da zubar jini da haɗarin kamuwa da cuta, toshewar kuma tana nan. Malamanmu sun san cewa a cikin Sahihul Bukhari an hana iyaye mata wahalar da 'ya'yansu da danne musu maƙogwaro saboda ciwon wuya.

A Paraku akwai sashen ORL a babban asibitin koyarwa na CHUD Borgou-Alibori. Mutanen Jugu kuwa za su iya farawa da asibitin Ordre de Malte ko asibitin jihar Donga, a tura su gaba idan da bukata. Ranar hoto, a cire wa yaro 'yan kunne da sarƙa da duk abin da ke rataye a wuya. Mai juna biyu kada ta shiga ɗakin. Uba ko gwaggo su riƙe yaron, su nemi rigar dalma. A tambayi likita abin da yake nema da abin da zai canza bayan ganin hoton, wannan haƙƙinmu ne. A kuma adana kowane hoto da takardarsa wuri mai kyau, don kada a maimaita shi a wani asibiti.

Sau da yawa maganin fesawa a hanci da wanke shi da ruwan gishiri na kantin magani sun wadatar. Idan kuma sai an yi aiki, gajere ne, yaro kan koma gida a ranar ko washegari. Allah Ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, amin.