Rarrabe Kalmomin Hankali Da Cututtukansa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ɗaukaka ɗan Adam da hankali. Bayan haka, a ƙasar Makoda da sauran karkarar Kano, da zarar mutum ya sake hali sai a ce ya haukace, ko kuwa iska ta taɓa shi. Suna guda ke nan aka laƙaba wa cututtuka daban-daban, alhali kuwa magabata sun rarrabe su. Abu Zaidil Balhi, wanda ya rasu a 322 Hijira, wato 934 Miladiyya, ya yi bayaninsu a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfusi.

Hankali shi ne abin da mutum yake bambanta amfani da cuta da shi. A kansa shari'a ta rataya hukunci, shi ya sa cinikin wanda hankalinsa ya gushe ba ya ƙulluwa.

Hauka kuwa shi ne rabuwa da haƙiƙanin al'amari, kamar jin muryoyin da babu masu su, ko sakankancewa da abin da bai auku ba.

Waswasi tunani ne da yake ta komowa ba da son mai shi ba, har ya maimaita alwala sau da yawa bai natsu ba. Malaman Malikiyya suna kiran irin wannan mustankihi, sun kuma umarce shi ya yi watsi da kokwantonsa. Hankalinsa ƙalau yake.

Baƙin ciki, Balhi ya kasa shi biyu. Akwai mai sanannen dalili, kamar rasuwa ko karyewar jari, akwai kuma wanda ke aukowa haka kawai, asalinsa daga jiki. Likitocin yau sun ce idan ya kai mako biyu, barci ya rikice, abinci ya fita rai, manomi ya kasa fita gona, to ciwo ne mai magani, ba ragwanci ba.

Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba hauka ba ce, ba a kuma ɗaukarta ta miyau. In ta tashi, sai a kwantar da mutum ta gefe, kada a cusa masa kome a baki.

Amfanin wannan rarrabewa a fili yake. Saboda kuskuren suna akan sa wa mai ciwo mari, a saki mace, a guji ciniki da mai lafiyar hankali. A 2023 aka sa hannu a dokar Nijeriya mai kare haƙƙin masu ciwon hankali, ta maye gurbin ta 1958. Kuma a Dawanau, inda fatake ke kai hatsi, akwai asibitin wannan ciwo. Addu'a ba ta hana neman magani.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.