Kafin a cire haƙori: Cututtuka da magungunan da bai kamata a ɓoye wa likita ba

A yawancin asibitocin haƙori, kafin likita ya ce a buɗe baki sai ya yi tambayoyin da wasu ke ganin ba su da alaƙa da abin da ya kawo su. Yakan tambayi ko akwai hawan jini ko ciwon suga, da irin magungunan da ake sha kullum, da ko an taɓa yin aikin zuciya. Ma'aikacin da ya ɗauki izinin awa biyu daga ofis, haƙori na yi masa zugi, sau da yawa yakan amsa da "babu komai" don a gama da sauri. Wannan gajeriyar amsa ce kan jawo zubar jinin da ya ƙi tsayawa, ko ciwon da ya ƙi warkewa bayan an cire haƙorin.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa cututtukan baki sun shafi mutane kusan biliyan 3.5. Da dama daga cikinsu sun manyanta, suna kuma ɗauke da wata larurar da suke sha wa magani, kamar yadda ake gani a tsakanin ma'aikatan da suka haura shekara 40.

Hawan jini

Allurar da ake yi a dasashi don kashe zafi galibi lidocaine ce da aka gauraya da ɗan adrenaline. Amfanin adrenaline shi ne ya matse jijiyoyin jini a wurin, allurar ta daɗe tana aiki, jini kuma ya ragu. Sai dai yana iya ƙara saurin bugun zuciya, don haka likita kan taƙaita yawansa ga mai ciwon zuciya. Idan awon jini ya kai 180 bisa 110, ƙa'ida ita ce a ɗage duk aikin da ba na gaggawa ba har jinin ya sauka.

Magungunan hawan jinin ma suna da nasu tasiri a baki. Amlodipine da nifedipine, waɗanda ake yawan rubutawa a Najeriya, kan sa dasashin wasu mutane ya kumbura ya hau kan haƙora, kamar yadda phenytoin na masu farfaɗiya ke yi. Wanda ya ga haka bai kamata ya daina shan maganin da kansa ba. Tsabtace haƙora a asibiti kan rage kumburin, idan kuma ya ci gaba, likitan da ya rubuta maganin ne zai sauya shi da wani.

Ciwon suga

Tun a 1993 masanin ilimin haƙori Harald Löe ya kira ciwon dasashi da larura ta shida da ciwon suga ke haifarwa. Suga idan ya yi yawa a jini yana raunana garkuwar jiki, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama a ƙarƙashin dasashi, ƙashin da ke riƙe da haƙori ya riƙa zaizayewa har haƙorin ya fara girgiɗi. Shi kuma dasashin da ya ruɓe yana wahalar da saukar sugan, ta yadda kowanne ke ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi.

Haɗarin da ya fi kusa a kujerar likita shi ne faɗuwar suga. Wanda ya sha glibenclamide ko ya yi allurar insulin, ya kuma ƙi karyawa saboda zafin haƙori, sugansa na iya sauka ƙasa da 70 a ma'aunin miligiram, ya fara gumi da rawar jiki, har ya suma. Shi ya sa ake son mai ciwon suga ya zo da safe bayan ya ci abinci ya sha maganinsa yadda ya saba. A lokacin azumi kuwa, gara ya shaida wa likita tun wajen tsayar da rana.

Magungunan hana jini daskarewa

A nan ne aka fi yin kuskure mai tsada. Mutum yana shan asfirin na miligiram 75, ko clopidogrel, ko warfarin, sai ya ji an ce suna sa zubar jini, ya ajiye su kwana uku kafin cire haƙori ba tare da shawarar kowa ba. Jinin da ke fita daga ramin haƙori likita na iya tsayar da shi da auduga da ɗinki. Gudan jinin da zai iya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki kuwa, barnarsa ba ta cika gyaruwa ba. Saboda haka ba a cika dakatar da waɗannan magunguna don cire haƙori ɗaya ko biyu ba. Ga mai shan warfarin, ana yin gwajin INR kusa da ranar aikin, idan sakamakon bai kai 4 ba a yi aikin yana kan maganinsa.

Abin da za a sha bayan aikin ma yana buƙatar lura. Metronidazole, wanda aka fi sani da Flagyl, yana ƙara ƙarfin warfarin a jini. Ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake saya a kemis da zarar haƙori ya motsa, suna ƙara haɗarin zubar jini, suna tayar da gyambon ciki, suna kuma wahalar da ƙoda. Ga masu irin waɗannan larurori farasitamol ya fi aminci, muddin babba bai wuce giram 4 a yini ba. Ɗora ƙwayar asfirin a kan haƙori mai ciwo, wanda wasu suka ɗauka dabara ce, ƙone dasashi kawai yake yi.

Zuciya, sikila da juna biyu

Cire haƙori na sakin ƙwayoyin cutar baki cikin jini na ɗan lokaci. Ga mafi yawan mutane wannan ba ya barin wata illa. Amma ga wanda aka sa wa bawul na roba ko na ƙarfe a zuciya, ko wanda ya taɓa kamuwa da ciwon rufin cikin zuciya, ƙwayoyin na iya maƙalewa a can. Irin waɗannan ne Ƙungiyar Zuciya ta Amurka, a jagorarta ta 2007, ta ce a ba su giram 2 na amoxicillin minti 30 zuwa 60 kafin aiki. Wanda penicillin ke sa wa ƙuraje ko sarƙewar numfashi dole ya faɗa, domin amoxicillin danginsa ne.

Najeriya ce ƙasar da ta fi kowacce yawan masu sikila, kuma ƙurjin haƙori na iya tayar musu da ciwo, don haka ba a jinkirta maganinsa. Mai juna biyu da yaron da bai kai shekara 8 ba kuwa ba a ba su tetracycline, saboda yana rina haƙoran yara launin da buroshi ba ya fitarwa.

Abin da za a tafi da shi

Hanya mafi sauƙi ita ce a zuba dukkan magungunan da ake sha a leda, har da na gargajiya da na ƙarin kuzari, a kai wa likita ya gani da idonsa, tare da sakamakon awon jini da na suga na baya-bayan nan. Hadimin da ke tsara wa maigidansa ganin likita zai yi masa babban taimako idan ya tabbatar an tafi da wannan leda. Masu rajista da Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda dokar 2022 ta kafa, yana da kyau su nemi asibitin da suka zaɓa ya rubuta larurorinsu da magungunansu a takardar turawa zuwa sashen haƙori, tunda ba lallai ne fayil ɗinsu ya riga su isa can ba.