"Biyu ko biyar?": Darasin da masu rediyon sha'awa za su koya wa 'yan saƙon murya

A hutun da ya gabata na koma gida Bagudo, daidai lokacin girbin shinkafar rani. Wata rana da hantsi kawuna ya turo mini saƙon murya daga fadama, can wajen Lolo. Yana tsaye kusa da injin casa, yana ɗaga murya iya ƙarfinsa, wai in samo mota ta zo ta kwashe buhuna. Da ƙarfe nawa? To, a nan gizo ke saƙa. Na saurari saƙon ya fi sau bakwai, na kasa gane biyu ya ce ko biyar.

Na kira shi, waya ba ta shiga. Duk wanda ya san bakin iyakarmu ya san halin sabis a can: wani lokaci wayarka ta tsallaka ta kama na Jamhuriyar Benin, wani lokaci ta zauna fayau babu ko sanda ɗaya. Sai na yi canke, na ce wa direba biyar. Hadari ya haɗo bayan la'asar, ruwan farko ya sauka a kan buhuna kafin mota ta isa.

Da dare Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, ƙarhe biyu nic ce maka! Har ihu niy yi don ka ji."

Ban iya ba shi amsa ba a lokacin. Sai da muka koma makaranta, a darasin sarrafa sauti, na gano cewa ihun nan da hayaniyar injin su ne suka cinye ƙarshen kalmar. Kuma waɗanda suka fi kowa sanin wannan matsala wasu mutane ne da yawancinmu ba mu taɓa jin labarinsu ba.

Su wane ne masu rediyon sha'awa?

Mutane ne da ke da lasisin yin magana da juna ta rediyo don koyo da gwaji da taimakon jama'a, ba don kasuwanci ba. Ƙungiyarsu ta duniya, IARU, an kafa ta a birnin Paris a 1925, kuma duk ranar 18 ga Afrilu suke bikin ranarsu. Kowane ɗayansu yana da lambar kira da ke nuna ƙasarsa. Ta ɗan Najeriya tana farawa da 5N, ta ɗan Benin da TY, ta ɗan Nijar da 5U.

Ƙaramar na'urar da suke riƙewa a hannu ita ce muke kira oba-oba. Ƙarfinta bai cika wuce wat 5 ba, kuma zangon da take aiki a kai, kamar megahaz 144 zuwa 146, yana son fili ne. Tudu ko gini ko kurmi na iya tare shi, shi ya sa ba ta nisa.

Maganin wannan shi ne rifita. Na'ura ce da ake ɗorawa a kan dogon ƙarfe ko tsauni, ta karɓi maganarka a wata mita, ta sake watsa ta nan take a wata mitar da ƙarfin da ya fi naka. A wannan zango, tazarar mitocin biyu kilohaz 600 ce. Kamar dai mai shela ne a kan tudu, yana maimaita wa gari abin da aka faɗa masa.

Inda matse murya ya shigo

Ka ɗauka mutum goma suna amfani da rifita ɗaya. Wani yana raɗa, wani yana ihu, wani ya manna baki a makirufo, wani yana kan babur. Mai sauraro zai gaji da murɗa maɓallin ƙara. Bayan haka, rediyon FM yana da iyakar da aka yanka masa, yawanci kilohaz 5, ko 2.5 a matsattsen layi. Muryar da ta nemi wuce wannan iyaka sai ta fashe, ta koma kamar lasifikar da ta yage.

Shi ya sa wasu masu kula da rifita ke saka na'urar matse murya. Aikinta shi ne ta danne sautin da ya yi yawa, sannan a ɗaga gaba ɗaya, ta yadda mai raɗa da mai ihu za su fito kusan kai ɗaya. Idan aka saita ta a 2:1, muryar da ta haura layin da aka shata da desibel 10, desibel 5 kawai za a bari ta haura. Matsi kaɗan irin wannan yana da amfani, domin yana fito da ƙananan sautuka irin su "s" da "t" da "r", waɗanda su ne ke bambanta kalma da kalma.

Amma fa na'urar ba ta da hankali. Ba ta san muryar Kawu ba, ba ta san injin casa ba. Da zarar mai magana ya tsaya numfasawa, sai ta ga sauti ya ragu, ta ɗago duk abin da ya rage: iska, janareta, shuuu ɗin raunin sigina. Idan aka matse da yawa, kamar 10:1, magana da hayaniya sai su zama tsayi ɗaya. Ƙara ta ƙaru, fahimta ta ragu.

Wannan ne ya raba kan masu rediyon sha'awa. Wasu na cewa a ɗan matse don taimakon masu raunin murya. Wasu na cewa a bar rifita ta mayar da abin da ta karɓa yadda yake, tunda ita kanta oba-obar ta riga ta datse muryar tun daga hannun mai ita. Amma duk sun yarda da abu ɗaya: muryar da ta shigo a gurɓace, babu na'urar da za ta wanke ta a hanya.

Matsi na biyu, wanda ke cikin aljihunka

Akwai wani matsin daban, na rage nauyin sauti don ya bi ta siririyar hanya. Waƙar faifan CD na cin sama da bit miliyan 1.4 a daƙiƙa ɗaya. Kiran waya na GSM yana iya tafiya da bit 12,200. Wani injiniya ɗan Ostireliya, David Rowe, wanda shi ma mai rediyon sha'awa ne, ya ƙirƙiro Codec 2, da ke ɗaukar magana da bit 3,200 har ƙasa zuwa 700. Saƙon muryar WhatsApp kuwa da tsarin Opus yake tafiya, wanda aka amince da shi a 2012. Shi ya sa saƙon murya ke lallaɓawa ya fita a wurin da bidiyo ya ƙi motsi.

Sirrin irin wannan matsi shi ne zubar da abin da na'ura ta ga kunne ba ya buƙata. Idan murya ta fito tsaf, ba ka jin an cire komai. Idan ta cakuɗe da ƙarar inji, na'urar za ta raba ɗan wurin da take da shi tsakanin maganarka da injin. Kuma duk lokacin da aka sake matsewa, ana sake yin asara. Ka tuna bidiyon da aka sauke daga TikTok, aka ɗora a sitatus, wani ya sake naɗa ya kai Facebook. Tuwon da aka ɗumama sau uku ke nan.

Me ya shafe mu?

A kan iyakarmu, daga Lolo zuwa Tsamiya mai kallon Segbana, ana ciniki da Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci da Faransanci. Wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ce, ba zai iya cike gurbin harafin da ya ɓace ba kamar yadda ni da kai za mu yi. Kuma da yawa daga iyayenmu ba sa rubutu a waya, murya ce wasiƙarsu. Farashin buhu, lokacin tashin jirgin ruwa, labarin mara lafiya, gargaɗin kada a bi wata hanya, duk ta nan suke bi.

Mun kuma ga yadda aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara a watan Satumban 2021 saboda matsalar tsaro. Ranar da sabis ya ɗauke, ilimin rediyo ba wasan masu kuɗi ba ne. Sai dai a kula: ba a sayen oba-oba a kasuwa a hau kowace mita. Harka ce ta lasisi, kuma riƙe ta babu izini a bakin iyaka na iya jawo wa mutum tambayoyin da bai shirya amsawa ba.

Abin da za mu iya ɗauka yau, kyauta, shi ne tarbiyyarsu ta magana. Ka matsa daga inji kafin ka danna. Ka juya wa iska baya. Ka bar ɗan tazara tsakanin bakinka da waya, ka yi magana yadda ka saba, ban da ihu. Ka ɗan dakata bayan dannawa don kada kalmar farko ta yanke. Lamba kuwa, ka faɗe ta sau biyu, ka ɗaura mata shaida: biyu bayan azahar, biyar bayan la'asar. Masu rediyo kan sa wanda aka aika wa saƙo ya maimaita abin da ya ji. Da na tura wa Kawu "biyar ka ce?" ko da a rubuce, wataƙila wani yaro a fadamar ya karanta masa lokacin da sabis ya leƙo.

Shinkafar dai an shanya ta, an ceci mafi yawanta, amma wadda ta jiƙe sosai ba ta yi daraja a kasuwa ba. Jiya Kawu ya sake turo saƙo. Na ji takunsa yana nisa da inji, sannan ya yi gyaran murya ya ce, "Ɗana, ranar Jumma'a, ƙarhe biyu. Biyu, bayan an sauko masallaci." Sau ɗaya na saurara.